Abin da Ke Kai Baba Kano

Akwai abin da zai faru da mutum, kafin shekara ta zagayo ya neme shi a ransa ya rasa. Akwai kuma wanda ke zama daram kamar jiya aka yi shi. Ni dai ko na tsufa har na fara cigiyar carbin da ke rataye a wuyana, ba na jin zan manta da daminar da hankalin mahaifinmu ya gushe, muka yi ta lalube cikin duhu, alhali wanda ya san bakin zaren yana zaune tare da mu a kan tabarma ɗaya.

Bari in fara da kaina, don ku san da wa kuke tare. Ni ce auta a gidanmu, a cikin garin Daura, kuma tun ina ƙarama Allah Ya jarrabe ni da tambaya. Me ya sa kaza ba ta fitsari? Ina rana take kwana? Innarmu takan ce da tambaya noma ce, da gidanmu bai taɓa awon hatsi ba. Yayanmu, da yake ɗan fari ne, tsakaninsa da Baba sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Ni kuwa autanci ya ba ni lasisi. Sai in zauna kusa da Baba in yi ta zuba, shi kuma yana dariya. Da na girma na zama malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata, kowa a gida ya ce an huta, yanzu sai in je in addabi 'ya'yan mutane.

Baba dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua. Jarinsa biyu ne, amana da kai. Makiyayi zai taho daga cikin Nijar ya danƙa masa shanu ya tafi harkarsa, ba takarda ba shaida. Kansa kuwa, in ya ga bijimi sau ɗaya, ko bayan shekaru aka sake kawo shi kasuwa zai gaya maka daga hannun wa ya fito. Yana da amini guda, mutumin Sandamu. Tare suka yi karatun allo, tare suka fara kora shanu da ƙafa, kuma shi ya ba da auren kowace mace a gidanmu. Muna kiransa Baba na Sandamu. Dogon mutum ne marar magana, irin wanda in ka gaya masa abu kamar ka jefa shi rijiya.

Kafin wannan damina, wani baƙin tabo ya fito wa Baba a diddige, ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Muka ɗauka wani ƙarfe ya taka a kasuwa. Suka tafi Kano da amininsa aka yanke wurin, ya dawo yana ɗingishi ya ce an gama. Sai dai tafiyar Kano ba ta ƙare ba. Duk bayan 'yan makonni Baba na Sandamu zai iso da sassafe, su shiga mota su biyu, su dawo da yamma. Aka ce mana wasu mahauta ne suke hulɗa da su a can. Ba wanda ya kawo komai a ransa, tunda tafiya ba baƙuwa ba ce a gidan ɗan kasuwa.

Wata Juma'a na je gida, ina zuba wa Baba ruwa yana wanke hannu, sai na ga 'yar filasta manne a bayan hannunsa. Na tambaye shi ko mahautan Kano har allura suke yi. Ya yi murmushi ya ce igiya ce ta goge shi. Inna ta harare ni, ta ce in kawo tuwo in bar leƙen hannun mutane. Na kawo tuwon, amma raina bai kwanta ba, don ni a sanina igiya tafin hannu take ci. Na ajiye abin a wani lungu na kaina na ci gaba da harkokina.

Ciwon bai shigo da ƙarfi ba, sanɗa ya yi. Da farko Baba ya riƙa maimaita tambaya. Zai idar da azahar, ya shafa addu'a, ya miƙe ya sake tayar da azahar. Muka ce gajiya ce. Daga nan aka aiko wa Yaya daga kasuwa cewa wani makiyayi da ya shekara da shekaru yana kawo masa shanu ya zo ya gaishe shi, Baba ya dube shi ya ce bai san shi ba, har suka so yin sa'insa. Ranar da na ji wannan na tafi gida kai tsaye daga makaranta. Na same shi zaune a zaure yana tauna alhali ba komai a bakinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a irin ta karɓar baƙo, ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Na yi dariya, wai ko tsokana ce, don mun saba. Da na ga idonsa na san ba wasa a ciki. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin tsoron akwai mamaki da ya ƙi barina. Ina kan nan ya tafi? Mutumin da ke riƙe da kamannin shanun ƙasa biyu a kansa, me ya shiga ya share har da fuskar autarsa?

Cikin ɗan lokaci abin ya ci tura. Baba ya daina barci, yana korar shanun da ba mu gani daga tsakar gida, yana dariya ba dalili, can kuma sai kuka. Mutumin da ban taɓa jin ashar a bakinsa ba ya zagi maƙwabcinmu tas. Kowa ya kawo nasa fashin baƙin. Inna ta ce sammu ne daga abokan hamayya na kasuwa. Maƙwabta suka ce iska ce ya taka a hanyar iyaka. Aka sha rubutu, aka yi ruƙiyya, aka turara hayaƙi har ƙofofi suka canza launi. Da ya faɗi yana jijjiga, Yaya ya ce a tafi asibiti. A nan Daura suka yi iya ƙoƙarinsu, aka yi maganin maleriya, aka duba taifot, aka duba sanƙarau. Da suka ga abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu suka tura mu wani babban asibiti a Kano. Baba na Sandamu ya naɗe tabarmarsa da butarsa ya biyo mu, ba wanda ya roƙe shi.

A can muka haɗu da wata likitar ƙwaƙwalwa, mace mai sanyin murya, wadda Allah Ya ba ta haƙurin amsa tambaya. Na kuwa gwada haƙurin nan iya gwadawa. Aka ɗauki hoton kan Baba, ba a ga ƙari ba, ba a ga jini ya fita ba. Aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa aka auna. Ta zaunar da mu ta ce ruwan ya nuna ƙwaƙwalwar ta kumbura, amma duk ƙwayar cutar da suka nema ba su samu ba. Ta ce wani lokaci garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyawa ta afka wa ƙwaƙwalwa. Na ce to me zai sa ta juya, tunda ruwa ba ya tsami banza? Ta ce tambayar da take yi wa kanta ke nan.

Sai ta nemi a gaya mata duk wani magani da ya shiga jikinsa a watannin baya, na asibiti da na gargajiya. Inna ta kwance leda ta zazzage: ƙwayar hawan jini, maganin ciwon kai, ƙullin sassaƙe na basir, da zuma. Likita ta duba ɗaya bayan ɗaya ta girgiza kai. Ta sake tambaya ko an taɓa yi masa wata jinya a wani wuri. Yaya ya ce sai dai gyambon da aka yanke, kuma ya warke tuni. Duk wannan ana yi Baba na Sandamu yana bakin ƙofa yana jan carbi, kansa a ƙasa.

Abin da ta gaya mana bayan haka shi ya ɗaga mana hankali. Ta ce akwai magani mai ƙarfi da ke kwantar da garkuwar jiki, amma tana ɗari-ɗarin zuba masa shi da yawa ba ta san tushen abin ba, don in wata cuta ce ta ɓuya, kwantar da garkuwar tamkar buɗe mata ƙofa ne. Jira kuma yana da nasa haɗarin, domin duk yadda kumburin ya daɗe, haka abin da zai dawo daga hankalinsa yake raguwa. Ga dangi kuma sun fara damun Yaya a waya, wai tunda asibiti sun ce ba su ga cuta ba a maido shi gida a nemi na iska. Baba dai yana kwance an ɗaure hannuwansa da gado don kada ya fizge robar ƙarin ruwa, bai san dare ba bai san rana ba, balle lokacin salla.

Ɗaurin nan ne ya sa nake zama ina riƙe masa hannu. Wata rana da hantsi nas ta zo ta canza masa wurin allura, ta zare ta tsohon wurin ta manna filasta. Na zuba wa bayan hannun ido. Irin filastar nan ce, a irin wurin nan. Sai tafiye-tafiyen Kano suka dawo mini, da mahautan da ba mu taɓa ganin ko tsokar tsarabarsu ba. Na leƙa ta taga na hango Baba na Sandamu a gindin darbejiya. Na ce a raina, rijiyar nan fa akwai abu a cikinta.

Sanin haka daban, tambaya daban. Wannan mutum shi ya ba da aurena. A al'adarmu aminin uba uba ne, har ma an fi jin nauyinsa, don uba kana yi masa shagwaɓa. Na bari sai da aka sauko daga la'asar, na same shi shi kaɗai, na durƙusa nesa kaɗan. Na gaishe shi, na tambayi mutanen Sandamu, na tambayi gona, na tambayi ruwa, har gaisuwa ta ƙare ban sami abin ƙarawa ba. Sannan na ce, "Baba, ku yi mini afuwa. Me ke kai ku Kano ku da Babanmu?"

Carbin ya tsaya a hannunsa. Na ji kunya ta rufe ni.

"Auta," in ji shi, "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da mutum ya ba ka ajiya da hankalinsa, ba ka fitar da shi don hankalin ya gushe. Ya sa na rantse, ya ce ko bayan ransa."

Na ce, "Ban ce ku gaya mini ba, Baba. Likita za ku gaya wa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Sai ya ɗago ya dube ni, abin da bai saba ba. "Ke da kika yi boko, gaya mini. Me ya haɗa diddige da kai? Wancan ciwo daban, kuma ana samun sauƙinsa, da kunnena na ji. Wannan kuwa na kai ne. In na tona masa asiri a banza, ya farka, da wane ido zan dube shi?"

A nan na gane mutumin nan ba taurin zuciya ke gare shi ba. Ya auna abin iya saninsa, bai ga alaƙa ba, ya ga kuma ba dalilin cin amana a kan abin da ba zai amfani kowa ba. Gaskiyar magana ni ma ban ga alaƙar ba, duk da kimiyyar da nake taƙama da ita a gaban ɗalibai. Haka na gaya masa. Na ce ban sani ba, shi bai sani ba, amma akwai wadda ta tambaya har sau biyu, kuma ba a banza take tambaya ba. Ya miƙe. Ya ɗauki butarsa ya nufi masallacin asibitin. Daga baya na ji limamin wurin ya samu, ya ba shi labarin ba tare da kama suna ba, liman ya ce masa rai yana gaba da rantsuwa, ya faɗa ya yi kaffara.

Washegari da safe Baba na Sandamu ya tsaya a ƙofar ofishin likita kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ya ce Inna da Yaya su dakata a waje tukuna. Ni kuma ya ce, "Ke da kika tono, shigo ki ji."

Ashe baƙin tabon nan ciwon daji ne na fata. Lokacin da aka yanke shi ya riga ya kai ga ƙaluluwar cinya, har ya fara taɓa huhu. Wani asibiti mai zaman kansa a nan cikin Kano, wanda ko nisan kirki babu tsakaninsa da inda muke, shi ne yake ƙara wa Baba wani sabon magani ta jijiya duk bayan 'yan makonni. Shanunsa na kansa ya riƙa sayarwa a ɓoye yana biya. Dalilin ɓoyon kuwa, Baba ya ce ranar da kasuwa ta ji dillali yana da daji, ranar za a daina bar masa shanu, don ba mai ba gawa ajiya. Ya ce kuma ba ya son ya shigo gidansa a riƙa kallonsa da idon ban kwana. Baba na Sandamu bai san sunan maganin ba, amma ya san asibitin, ya san likitan. Yana gama faɗa hawaye ya zubo masa, ya goge da hannun riga ya fita.

Likita ta ɗauki waya. Ban fahimci rabin abin da suka tattauna da ɗaya likitan ba, amma na ga yadda ta gyara zama. Tana ajiye wayar ta ba da umarnin a fara wa Baba maganin nan mai ƙarfi nan take. Sai da aka ɗaura masa sannan ta sami lokacina, don ta ga alamar ba zan tafi ba.

Na ce ta fahimtar da ni yadda maganin da ke kashe daji zai taɓa hankali. Ta ce ai shi wannan magani ba shi ke kashe dajin da kansa ba. Ta tambaye ni ko na san karen makiyaya. Ta ce garkuwar jiki kamarsa take, tana gadin garke, amma Allah Ya sa mata takunkumi don kada ta ciji na gida. Shi daji wayonsa shi ne ya ƙara ɗaure takunkumin ya yi ta ɓarna. Maganin sai ya kwance takunkumin, karen ya far wa dajin. A wurin yawancin mutane a nan abin yake tsayawa, ko ya zo da ɗan ƙaiƙayi ko gudawa. A wurin wasu 'yan ƙalilan kuwa karen ba ya tsayawa kan ɓarawo, sai ya juyo kan hanji, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa.

Na zauna baki buɗe. Shekaru ina koya wa yara cewa garkuwar jiki ita ce mai kare mu, ban taɓa tsayawa na tambayi wa ke kare mu daga gare ta ba. Na ce to yanzu ta tabbata maganin ne? Ta ce a'a. Ta ce shi kansa dajin yana iya ruɗa garkuwar jiki ta yi irin wannan aika-aika, ko da ba a ba da magani ba, kuma ba kullum ake iya rabe su ba. Amma yadda ciwon ya biyo bayan fara ƙarin ruwan, da yadda ba a ga wata cuta ba, sun ishe ta ta zargi maganin ta kuma yi aiki da zargin. Na ce shi wancan likitan bai yi gargaɗi ba? Ta ce ya yi, ya ce duk canjin da aka gani a dawo da sauri. Sai dai wanda aka yi wa gargaɗin shi ne hankalinsa ya tafi, ɗan rakiyar kuma ya ɗauka canjin jiki ake nufi, irin ƙuraje da zazzaɓi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa maimaita azahar yana cikin lissafi.

Inna da aka gaya mata ba ta yi kuka a gabanmu ba. Cewa kawai ta yi, shekara da shekaru tana dafa wa mutum abinci ashe ba ta kai a gaya mata yana ciwo ba. Wannan magana ta fi kuka zafi.

Sauƙi ya zo a hankali. Jijjigar ta fara tsayawa, sannan barci ya dawo, sannan aka kwance masa hannu. Aka ƙara masa wani magani na biyu da sauƙin ya so ya tsaya. Ni kuma kullum sai na sunkuya na leƙa idonsa ina neman alamar mai gidan ya dawo. Wata safiya ina cikin wannan leƙe sai ya yamutsa fuska ya ce, "Auta, har yanzu ba ki bar leƙen fuskar mutane ba?" Na fito da gudu ina kiran Inna, ɗankwalina a hannu, malama guda.

Watannin ciwon sun ɓace masa ɗungurungum, bai taɓa tuna su ba. Da ya fahimci inda yake da abin da kowa ya sani, bai tambayi wanda ya faɗa ba, don mutum ɗaya ne zai iya. Baba na Sandamu ya shigo ya yi sallama, Baba ya amsa ya juya fuska bango. Haka suka yi ta yi. Aminin zai zo ya zauna a gefen gado shiru, ya tashi lokacin salla, ya dawo ya zauna. Tsofaffi biyu suna gaba kamar yara, ba mai iya shiga tsakani.

Ana cikin haka likitocin biyu suka zo tare, suka ce Baba ya warware har zai iya yanke wa kansa shawara. Likitan dajin ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce maganin ya yi aiki, dajin ya ja da baya sosai. Amma bayan abin da ya faru ba sa ba da shawarar a koma masa, don kumburin yana iya dawowa, kuma in ya dawo ba lalle a sake samun sa'a ba. In aka bar shi akwai wasu hanyoyin da za a gwada, sai dai ba su kai shi ƙarfi ba. Yaya, da bai taɓa musu a gaban Baba ba, ya ce a gwada ko sau ɗaya ne a sa ido sosai. Na fahimce shi. Ni ma zuciyata rabi tana can.

Baba ya saurara har suka gama. Sannan ya dubi likitar ƙwaƙwalwa ya ce, "Likita, tambaya ɗaya gare ni. In na koma wa ruwan nan, za ki iya ba ni tabbacin ranar da za a zo ɗaukar raina ina cikin hankalin da zan yi kalmar shahada?"

Ta ce, "Baba, ba zan iya ba."

Ya ce, "To a bar shi. An ce mini na yi watanni ban san alƙibla ba. Kwana na Allah ne, amma ba na son a ƙara mini kwanan da ban san Mai shi ba."

Sai Baba ya juya wajen amininsa, karo na farko tun farkawarsa, ya ce masa ya ji an ce akwai kaffara a kansa, to ya sani rabin hatsin daga rumbunsa shi Baba za a ɗiba, tunda shi ya sa shi rantsuwar wauta. Baba na Sandamu ya ce ai ya riga ya ciyar tuni, bai jira mai rowa ba. Baba ya fashe da dariya, dariyar hankali ta farko da na ji daga bakinsa tun kafin damina.

Muka dawo Daura. Labari ya riga mu isa kasuwa, kamar yadda ya yi tsoro. Wasu sun janye shanunsu, ba zan yi ƙarya ba. Da yawa kuma ba su janye ba, ciki har da makiyayin nan da Baba ya ce bai sani ba. Ya ci gaba da zuwa Mai'adua yana zama a rumfa, Yaya yana yi masa zirga-zirga. Ya ga wata daminar, ya ga kaka, ya yi azumi tare da mu ko da bai iya kai shi duka ba. Tafiyar Kano ta ci gaba don sauran jinyar, amma yanzu Inna ce a gidan gaba na mota, kuma ita ke yi wa likita bayani tun kafin a tambaye ta. Daga baya dajin ya dawo, kamar yadda aka gaya mana zai iya.

Ya rasu da hantsi, a ɗakinsa, muna kewaye da shi. Ya yi wa kowa magana da sunansa, ya roƙi Inna gafara a kan abin da ya ɓoye mata. Baba na Sandamu ya matso kusa da kunnensa zai laƙƙana masa shahada, Baba ya ɗaga yatsa ya riga shi.

Har yau ban san tabbas ko maganin ne ya kumbura masa ƙwaƙwalwa ko dajin ba, kuma na karanta abin da na iya karantawa. Ba na zagin maganin, don ya ƙara masa lokaci, kuma an ce ya yi wa mutane da yawa rana. Abin da na koya shi ne, mu mutane ne masu son rufin asiri, kuma rufin asiri abu ne mai kyau, amma yana da iyaka, iyakarsa kuwa ƙofar likita. Duk abin da ya shiga jikinka, ƙwaya ko allura ko jiƙo, ka bari wani a cikin gidanka ya sani, domin ranar da za a tambaya wataƙila ba ka da bakin amsawa. Wanda kuma aka ba ajiyar sirrin ciwo, kada ya zauna shi kaɗai yana auna me ya shafi me, wannan aikin masu ilmin ne. Da aminin Baba ya cika alkawarinsa yadda aka ɗora masa, da mun rufe mahaifinmu da asirinsa a rufe, ba tare da ya san wa yake komawa gare Shi ba.